Kowa na ce min jarabawa ce zata ƙara min ƙarfi, ni kuwa ƙarewa nake

Wani bawan Allah ne ya turo min saƙo daga Rigasa, ƙarfe biyu da wani abu na dare ya shigo, ya ce in ɓoye sunansa kuma na ɓoye. Saƙon dogo ne sosai, bari in taƙaita muku. Shekararsa 36, mata ɗaya yara uku, yana da shagon shadda da atamfa a cikin gari wanda ya yi shekara 9 yana ginawa. Bara da damina aka ɗauke mahaifinsa a gona wajen hanyar Birnin Gwari, aka riƙe shi wata biyu da kwanaki, kuma shi ne mai amsa wayar ɓarayin duk tsawon lokacin. Ya karyar da kayan shagon gaba ɗaya, ya saki shagon, ya saida mashin, matarsa ta cire ɗan kunne da sarƙa ta bayar, sannan ya ci bashi wajen mutum shida, kusan miliyan 3. Wasu 'yan'uwan da ya zata zasu tsaya mishi ko waya basu ɗauka ba. Tsohon ya dawo ba lafiya, bayan wata huɗu ya rasu a gida a hannunsa. Yanzu ba shago ba jari, waya a kashe saboda masu bin bashi, barci ya gagara, ko sallar asuba sai ya tsallake masallacin layinsu ya tafi wani mai nisa don kar a gan shi. Matar ce ke soya awara a ƙofar gida ake ci. Ga yadda ya rufe: "Malam kowa sai ce min yake jarabawa ce wai zata ƙara min ƙarfi, ni kuwa wallahi ƙarewa nake kullum. Kuɗi sun tafi Baba ma ya tafi, to me na yi kenan? Wani lokacin in na kwanta sai in ji dama kar in farka. Ina ƙarfin da ake faɗa yake?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya sa wahalar da ya sha a dajin nan ta zame mishi kaffara, ya kai haske kabarinsa. Sau uku na karanta saƙonka kafin in iya fara rubutu.

Bari in fara da layin da ya fi tsaya min a rai, inda kace kana kwanciya ka ji dama kar ka farka. Ban ɗauki maganar nan da wasa ba, kaima kar ka ɗauka, kuma kar ka bari wani ya ce maka raunin imani ne. Mutumin da ya yi wata biyu yana kwana da waya a hannu yana jiran kiran mutanen daji, ana zaginsa ana mishi barazana da ran ubansa, sannan ya binne uban, sannan ya wayi gari ba shago, in ya ce barci ya ƙaurace mishi duniya ta fita ransa ai ba wanda zai yi mamaki. Likitoci suna kiran wannan ciwon damuwa, kuma abin da suke dubawa shine in mutum ya haura sati biyu cikin ƙunci, abubuwan da yake so da duk sun fita kansa, barci ya lalace cin abinci ya lalace, yana ganin kansa ba shi da wani amfani. Kai wata nawa kenan? A nan Kaduna muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, kuma na san abin da zaka ce, wai asibitin mahaukata. Je ka zauna a bencin masu jiran likita na awa ɗaya kawai ka ga su waye a wajen, malaman makaranta ne da 'yan kasuwa da matan aure, mutane da hankalinsu garau waɗanda barci ya gagara ko tsoro ya hana sakat. In Barnawa ta maka nauyi to fara da Barau Dikko ko Ɗantsoho a Tudun Wada, ka gaya wa likita gaskiyar abin da kake ji kamar yadda ka gaya min, kar ka tsaya a ciwon kai kawai. In kuma wani dare tunanin ya wuce haka ya koma kana shirya yadda zaka cutar da kanka, a daren ka tashi matarka ko ka buga wa maƙwabci ƙofa, kar ka kwana da shi kai kaɗai. Sannan duk abokin da ya miƙo maka ƙwaya ko kwalba ya ce zata sa ka barci ka manta, don Allah ka ƙi, da yawan yaran da muke gani a kwararo sun lalace da haka suka fara, da neman barcin dare ɗaya. Addu'a ka riƙe ta da kyau, magani ma ka nema, basa karo da juna.

Sai tambayarka, wai kuɗi sun tafi Baba ya tafi me ka yi kenan. Ƙanena ina ganin wannan lissafin ya fi bashin cinka, kuma lissafin a karkace yake. Kana yinsa ne irin na kasuwa, na zuba kaza na samu kaza, to ai ba haja ka je sarowa ba. Baba a ina ya rasu? A ɗakinsa, kan shimfiɗarsa, kana riƙe da shi, jikokinsa na shiga suna fita, akwai mai ɗaga shi ya ba shi ruwa akwai mai tuna mishi kalmar shahada. An mishi wanka an sa mishi likkafani an sallace shi, yau in ka so zaka je maƙabarta ka tsaya ka ce nan ne kabarin ubana. Ka san gidaje nawa ne daga Birnin Gwari zuwa Giwa zuwa Chikun zuwa Kajuru da suka saida gona suka saida shanu suka kai kuɗi amma ko gawa basu gani ba? Akwai matan da har yau basu san takaba zasu shiga ko jira zasu ci gaba da yi ba. Mun ga iyayen ɗaliban kwalejin Afaka da aka sace a 2021 yadda suka koma, mun ga iyalan fasinjojin jirgin ƙasan da aka tare ranar 28 ga Maris 2022, jirgin da a tashar Rigasa ɗinku zai tsaya, wasunsu sai a Oktoba suka ga nasu. Duk wanda ya kalli fuskar mutanen nan ya san roƙonsu ɗaya ne, a dawo musu da mutum ko kwana ɗaya zai yi. Kai wata huɗu ka samu. Kuma tsohon nan ya bar duniya ya san cewa ɗansa ya kwashe duk abin da ya tara a rayuwa ya bayar saboda shi, ka tuna irin albarkar da ya sa maka a watannin nan, na tabbata ya sa, ko da baki ko da ido. Wallahi akwai masu kuɗi a garin nan da zasu bada ninkin abin da ka bayar su samu wannan, kuma ba a sayar da ita.

Masu ce maka jarabawa ce basu yi ƙarya ba, jarabawa ce. Amma cewa wahala ita da kanta ke ƙara wa mutum ƙarfi, ni dai ban yarda da maganar haka kai tsaye ba, don na ga wanda wahala ta karya har ya mutu bai miƙe ba, na ga wanda ta mayar mugu mai jin haushin kowa, na ga wanda ta kai ga shaye-shaye. Da wahala kaɗai ke gina mutum ai da duk garin nan jarumai ne. Yawancin masu faɗa maka suna faɗa ne don basu san me zasu ce ba, sun zo gaisuwa bakinsu ya mutu sai su jefo ta su tashi. Kar ka riƙe su a rai, amma kar kuma ka auna kanka da maganarsu kana cewa tunda ban ji ƙarfi ba to na faɗi jarabawar kenan. Wa ya ce mai haƙuri baya jin zafi? Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin Yusuf har idonsa ya yi fari, kuma daga bakinsa muka ji maganar haƙuri mai kyau. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye zuciya na baƙin ciki amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu har yau shekarar baƙin ciki ake kiranta, ba wanda ya canja mata suna. To kai waye da za a ce cikin 'yan watanni ka share ido ka fito kana murmushi.

Bari in ba ka labarin gidanmu, don abin da zan gaya maka a can na koye shi. Ku yanzu Kakuri kun santa da kangon gine-gine da ciyawa ta cinye, mu kuwa mun ga lokacin da in jiniyar canjin aiki ta kaɗa titi ke cika maƙil da kekuna, wasu na fita wasu na shiga, masu abinci sun jeru a bakin get. Tun 1957 da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) zamanin Sardauna garin nan ke cin abinci da masaƙu, sai rashin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri suka taru suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya, zuwa 2007 da babbar masaƙar UNTL ta rufe ai magana ta ƙare. Babana a ɗaya daga cikin masaƙun garin nan, ba sai na kira suna ba, ya yi shekara 20 da wani abu yana gyaran injin saƙa. Ranar da aka rufe aka ce su je gida za a neme su a biya su kuɗin sallama. Ina karatu a Poly a lokacin. Wata 7 mutumin nan kullum sai ya yi wanka da sassafe ya sa kakinsa ya ɗau keke ya fita kamar mai zuwa aiki, ashe gindin wani mangwaro suke taruwa kusa da get shi da abokansa suna jiran labarin biya. Ya rame, ya daina magana a gida, in Inna ta ce ba gari sai ya ɗau rediyo ya kara a kunne.

Rannan ana saura kwanaki sallah keken ɗinkin maƙwabciyarmu ya lalace, muna jinta ta katanga tana ƙorafi ga ɗinkin mutane ga keke na tsinka zare, sai Inna ta leƙa ta ce a ciro kan a kawo Malam ya duba. Ya ɓata rai, ya ce shi da ke gyara injin da ya kusa ɗaki girma shi za a kawo wa keken ɗinki. Amma an riga an dire a gabansa. Ina zaune ina kallo, ya daɗe yana kallon keken nan bai taɓa ba, can ya kifa shi ya buɗe ƙasan, ya ce in miƙo mishi sukundireba da gashin kaza, ya share ƙurar zaren da ta cushe, ya ɗiga mai, ya saita allura, ya sa wani tsumma ya juya da hannu, ɗinki ya fita sumul. Matar ta aiko da naira 50 a ƙulle a leda. Kunya ta hana shi karɓa, ni na karɓa na ajiye a bakin tabarma, har dare kuɗin na nan bai taɓa ba. Amma bayan asuba na ji ƙarar ƙarfe a tsakar gida, na leƙo na gan shi ya zazzage tsohuwar jakar kayan aikinsa yana ware sifanu.

Daga nan ya fara zagaya shagunan teloli, Tudun Wada, Kasuwar Barci, Unguwar Sanusi, jaka ɗaure a bayan keke. Ba zan maka ƙarya ba bai yi arziki ba, bai ma taɓa komawa samun da yake yi a masaƙa ba, amma da gyaran keke ya ƙarasa min karatu ya aurar da ƙannena mata biyu, kuma ya koya wa yaran da yanzu suke riƙe iyalansu da sana'ar. Amininsa kuwa, mutumin kirki wallahi mai yawan ibada, ya ci gaba da zuwa gindin mangwaron nan da fayil ɗin takardunsa a hammata shekara da shekaru, har hawan jini ya kwantar da shi, ya rasu ba a biya shi ba. Rana ɗaya aka sallame su su biyun. Kuma da ka tambayi babana a ranar keken nan ko yana jin wani ƙarfi, ce maka zai yi ƙasƙanci yake ji. Mu ne daga baya muka ga ƙarfin a jikinsa, shi bai ma san sanda ya zo ba.

To kai ma yanzu kana kwance kana jira ka ji ƙarfi tukunna sannan ka fito, alhali sai an fito ana jan ƙafa yake samun mutum a hanya. Ɗakin nan da wayar da ka kashe su ne gindin mangwaronka. Kuma abin da kake tambaya ina yake, ai ka riga ka nuna shi baka lura ba, wa ya yi ta ciniki da mutanen da ke riƙe da bindiga har ya karɓo ubansa da rai? Gajiya ce ta danne ka, mai gajiya kuwa ba a ce mishi ya yi gudu, ce mishi ake ya tashi zaune tukunna.

Mu zo kan bashi, don shi ya hana ka masallacin layinku. Bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma kai ba a caca ko a biki ka ci naka ba. Sayi ɗan littafi, ka rubuta sunan mutum shidan nan da abin da kowa ke binka har kobo. Bashin da ba a rubuta ba cikin dare ninkuwa yake a kai, ya zama wani dodo marar iyaka, in ka gan shi a takarda zai tsaya iya girmansa. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Kuma kafin ita kaɗan, a ta 280, aka ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi, in ma an yafe ya fi alheri. Amma ta yaya mutum zai saurara maka bayan kai ka ɓace mishi? Na zauna da masu bin bashi da yawa, jinkiri suna iya haƙuri da shi, abin da ke ƙona musu rai shine su kira su ji waya a kashe, su hango ka ka sha kwana, nan ne zuciya ke fara raya musu cewa cinye musu zaka yi. Mutanen nan fa da suka ba ka sun san kuɗin fansa ne, sun san ba gobe zai dawo ba, tausayinka ya sa suka bayar, kar ɓuya ta mayar da masoyanka maƙiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗauki limaminku ko wani dattijon kasuwa da ake jin nauyinsa, ku fara da wanda ya fi sauƙin kai a cikinsu don ka samu ƙwarin zuwa wajen na gaba, ka zauna ka ce Alhaji ban manta ba kuma ban gudu ba, kunya ce ta hana ni zuwa, ga halin da nake ciki ga abin da zan iya kawowa duk wata. Kar ka yanka ranar da ka san ba zaka cika ba don kawai a sake ka ka tashi, gara ka faɗi ɗan kaɗan da zaka iya ka riƙe shi, dubu biyar da ke zuwa duk ƙarshen wata ta fi alkawarin dubu ɗari da ba a gani. Wani zai yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka shanye, haƙƙinsa ne. Wani kuma zaka sha mamaki.

Kuma ka sani a cikin mutum takwas da aka lissafa a aya ta 60 a Tauba masu cin zakka, akwai wanda bashi ya yi wa katutu. Haƙƙinka ne a shari'a, ba bara bane, ka bari liman ya yi magana da masu fitarwa in lokacinsu ya zo. Abin da nake roƙonka ka guje shine cin bashi don biyan bashi, musamman manhajojin nan na waya masu bada kuɗi cikin minti biyar da ruwa a kai, in ka makara su bi lambobin da ke wayarka suna tura musu saƙon cin mutunci. Haka cacar ƙwallo, kar shaiɗan ya raya maka wai da ɗari biyu zaka ci miliyan ka huta.

Maganar sana'a kuma kace baka da jari. Kaya ne baka da su ƙanena. Shekara 9 kana cikin yadi, in aka rufe maka ido aka sa maka shadda a hannu zaka faɗi gezna ce ko kwaikwayo, ka san atamfar da ke zuba da mai riƙe kala, ka san wa ke bada bandir da sauƙi a Kantin Kwari da wanda zai cuce ka, kuma cikin wayar nan da ka kashe akwai lambar matan da suka haɗa lefe a hannunka da masu fitar da anko duk biki. Ɓarayin daji basu karɓi wannan ba. Abdurrahman bin Auf da ya isa Madina hannu rabbana, ɗan'uwansa Ba'ansare ya ce zai raba dukiyarsa biyu ya ba shi rabi, ya ce Allah ya maka albarka a dukiyarka, ni dai nuna min kasuwa. Sanin ciniki kawai ya shiga da shi. Je wajen waɗanda kake sari a hannunsu da, ka ce ba bashi ka zo nema ba, su bari ka ɗau hoton kaya ka ɗora a WhatsApp, in an saya ka kai da kanka a ba ka la'ada. Turmi ɗaya yau, yadi biyar jibi, lokacin sallah da na bukukuwa abin zai motsa. In wani tsohon maƙwabcinka a kasuwa na neman mai tsare mishi shago ka karɓa, eh na sani, da kai ake gaisarwa a rusuna yanzu kai zaka buɗe wa wani shago ka share, kuma za a yi gulma, sati biyu za a yi ana yi sai wani sabon labari ya fito a bar naka. In keke Napep ka samu na balas kafin nan ka ja, halak ne, amma ni na fi so ka tsaya kusa da yadi don nan idonka yake a buɗe. Duk abin da ya shigo kuma komai ƙanƙantarsa ka cire na cefane ka cire na bashi, ka bar ɗan wani abu da ba a taɓawa ko adashe ka zuba shi, da shi zaka sayi turmin farko na kanka.

Matarka kuwa a layi ɗaya ka ambace ta ka wuce da sauri kamar abin kunya. Mace ta cire gwal ɗinta saboda uban miji, ta zo ta zauna gaban kasko hayaƙi na shiga idonta don kar yaranka su kwana da yunwa, ƙanena wannan arziki ne Allah ya bar maka bayan an kwashe sauran. Amma ita ma ta gaji, kuma ina kyautata zaton shirun da kake yi ya fi kaskon yi mata nauyi, tana ganinka kana juyi cikin dare bata san me ke ranka ba, tana tsoron tambaya. Zaunar da ita bayan yara sun yi barci ka nuna mata littafin nan, kuma ka sa ɗan kunnenta da sarƙarta a layin farko kafin na kowa, ko zata ce ta yafe ka bari ta gani a rubuce. Da safe kai ka kai niƙan waken, ka sayo gawayi, ka ɗebo ruwa. Ba abin da zai ragu a jikinka, kuma yaran nan uku suna kallo, abin da suka ga ubansu ya yi a shekarar nan shi zasu ɗauko ranar da tasu ta same su, kamar yadda ni yau na ɗauko maka jakar sifanun babana.

'Yan'uwan da suka ƙi ɗaukar waya, abin da ciwo, ba zan ce maka babu ba. Ka gaishe su in kun haɗu, ka je musu suna da jana'iza, zumunci don Allah ake yi, amma ka daina kwana kana shari'a da su a zuciyarka, barcinka suke ci su suna can suna minshari. Ka dai san yanzu wa zaka kira in dare ya yi, kuma ka san mutum shida da mace ɗaya da suka miƙo hannu, wasu har su mutu basu san nasu ba.

Ba zaka koma mutumin da kake kafin damunar bara ba, wannan kam ka cire rai. Wataƙila shagon ya dawo ya fi na da, wataƙila bai kai ba, wannan na Allah ne kuma ba zan maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Amma a yadda garin nan yake, Allah ya kawo mana ƙarshen abin, wata rana cikin dare wani zai buga maka ƙofa jikinsa na rawa an ɗauke nasa, kuma duk layin kai ne zaka san yadda ake zama da irinsa, me ake ce mishi, me ba a ce mishi, yaushe ake yin shiru a miƙa mishi ruwa kawai.

Gobe da asuba masallacin layinku, sahun da ka saba tsayawa. In an idar kar ka yi saurin fita, tsaya ku gaisa da liman ka ce kana son ganinsa. Ka kunna wayar in rana ta fito. Juma'a mai zuwa ka rubuto min ka gaya min wajen wa ka fara zuwa da abin da ya ce maka, da kuma ko ka ga likita, don wannan zan fara tambayarka. Ka gaida mai awara, ka ce wani yayanka ya ce Allah ya saka mata da alheri ya raya mata zuri'a.